Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsiyaye Ruwan Tankin Iska da Kula da Tsohuwar Motar Soja

Duk wanda ya saba zirga-zirga a yankin Jos tsakanin Farin Gada, Bukuru da Mararrabar Jama'a ya san tsofaffin manyan motocin nan masu dogayen ƙafafu waɗanda asalinsu na soja ne, wasu an saye su a gwanjo a nan gida, wasu kuma an shigo da su daga ƙasashen waje bayan rundunonin can sun sallame su. Yau dankalin Bokkos suke ɗauka, da yashi, da katako, da injinan haƙa rijiyar burtsatse, saboda suna shiga inda tifa ba ta isa ta leƙa ba. Na daɗe ina hidimar irin waɗannan motoci a Jos, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu motoci da direbobi suka fi yi mini. Zan fi daɗewa a kan birki, domin sauran lalurorin mota a gefen titi suke ajiye mutum, shi kuwa birki a cikin rami yake ajiye shi. Birkin waɗannan motoci da iska yake aiki, wadda kwamfiresa take tarawa a cikin tanki.

Ta ina ruwa yake shiga tankin iska alhali a rufe yake ruf?

Ba ta wata kafa yake shiga ba, tare da iskar yake zuwa. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da danshi ko da ido bai gan shi ba, kuma yawan danshin da za ta iya riƙewa ya danganta da zafinta da girman wurin da take ciki. Idan zafin gari ya kai digiri 25, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi tana iya riƙe ruwa har kimanin giram 23. Aikin kwamfiresa shi ne ta zuƙo iskar waje ta matse ta, kuma kafin agogon iska ya nuna bar 8 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne) an riga an cusa iskar da za ta cika irin wannan akwati wajen tara a cikin guda ɗaya. Da zafi ƙwarai take fita daga kwamfiresa, saboda haka danshin yana nan a matsayin tururi, amma da zarar ta bi bututu ta isa tanki ta huce, sai ta kasa riƙe abin da ya fi ƙarfinta, ragowar ya kwanta a ƙasan tanki, kamar yadda tururi yake zama ruwa a jikin murfin tukunya.

A Jos abin ya fi tsanani tsakanin Afrilu da Oktoba, musamman Yuli da Agusta, lokacin da ake kwana a wuni ana yayyafi, ga kuma sanyin dare da ke saurin hutar da tanki. Da hunturu ruwan yana raguwa sosai amma ba ya ɗaukewa, sai dai a lokacin ƙura ce take karɓar aikin ɓarnar.

Idan ruwan yana kwance a ƙasan tanki, mene ne illarsa?

Illa ta farko ita ce yana cinye wurin iska. Tankin da rabinsa ruwa ne rabin iska kawai yake ajiyewa, amma allurar agogo za ta nuna ya cika, domin ƙarfin matsi take aunawa, ba ta san yawan iskar da ke ciki ba. Nan ne yaudarar take. Direba zai tashi da agogo a cike, ya taka birki sau uku ko huɗu a gangare, sai ya ga allura ta faɗi warwas.

Ta biyu, ruwan ba ya zama wuri ɗaya. Idan mota tana tsalle a kan hanyar da ba kwalta, yana fantsama ya bi bututu zuwa cikin bawuloli, ya wanke giris ɗin da ke cikinsu, ya haifar da tsatsa, idan kuma ya gauraya da baƙin mai sai ya kumbura robobi har su riƙa maƙalewa. A motocin soja da yawa iska ce take shigar da giyar ƙafafun gaba da makullin difirensha, wato abin da ke sa tayoyin hagu da dama su juya tare, a wasu har da taimaka wa kuloci, saboda haka ƙazamar iska tana kai wa waɗannan ma.

Littattafan da ke zuwa da motocin Turai da Amurka sun fi jan kunne a kan daskarewar ruwan a cikin bututu, shi ya sa wasu suke cewa tunda ƙanƙara ba ta kama bututu a ƙasarmu, gargaɗin bai shafe mu ba. Gaskiya ne sanyin Jos, duk da sunan da ya yi, ba ya kaiwa can, amma tsatsa ba ruwanta da ƙanƙara.

Sau nawa ya kamata a tsiyaye?

Kullum, bayan an tashi daga aikin ranar, ga duk motar da ba ta da na'urar busar da iska, kuma yawancin tsofaffin motocin nan ba su da ita. Da damina, idan aka wuni ana taka birki a cikin gari, a ƙara sau ɗaya da rana. Aikin bai wuce minti biyar ba.

Yaya ake yinsa ba tare da an ji rauni ba?

A fara tsayar da mota a wuri mai daidai, ba don tsaro kaɗai ba, har don ruwan ya taru a daidai inda bawul yake, domin idan motar ta karkata sai ruwan ya gangara ɗaya ƙarshen tankin, iska ta fita ta bar shi a ciki. A ja hambirki, a kashe inji, a sa waigi, wato abin tokare taya, gaba da bayan taya ɗaya ta baya. Maganar waigi ba ta wasa ba ce, saboda akwai tsofaffin motocin da idan iskarsu ta ƙare babu abin da yake riƙe su sai ɗan birkin hannu da ke kama farfela, shi kuwa sau da yawa ya gama cinyewa tun motar tana bariki.

Daga nan a nemi tankin farko, wato wanda bututun kwamfiresa yake fara isa gare shi, domin shi ne yake tara mafi yawan ruwa da mai. A ƙasansa akwai ɗaya daga cikin abubuwa biyu: ko ɗan famfo da ake murɗawa, ko bawul mai zobe da ake ja gefe ko a tura sama, wani lokaci da 'yar waya da aka ɗaura masa ta fito gefen mota. A tsuguna a gefe, kada a kwanta a ƙarƙashinsa, a kawar da fuska, kada kuma a tara hannu a bakin bawul don a ji ko ruwa yana fitowa, saboda iskar tana fitowa da ɓarɓashin tsatsa da zai iya huda fata ko ya shiga ido. Tabarau na kariya ba tsada gare shi ba. A buɗe a hankali.

Kuskuren da na fi gani shi ne yaron mota ya ja zobe, iska ta yi fisss na daƙiƙa biyu, ya saki, ya ce ya gama. Yawancin ruwan da kaurin mai ba sa fitowa sai ƙarfin iskar ya ragu, saboda haka a bar bawul ɗin a buɗe har ƙarar ta mutu kuma ɗigon ya tsaya.

Akwai hikima a fara da tankin farko shi kaɗai. Tsakaninsa da sauran tankuna akwai bawul da ke barin iska ta wuce gaba amma ba ya barin ta dawo. Idan aka sauke tankin farko gaba ɗaya, sai a leƙa agogo: a tsarin motocin Amurka allurar sauran tankuna bai kamata ta motsa ba, a na Turai kuma, inda bawul ɗaya mai hanya huɗu yake raba iska, tana iya sauka kaɗan amma dole ta tsaya. Idan kuwa duka suka sauka tare har ƙasa, to kariyar nan ta mutu, ma'ana ranar da bututu ɗaya ya fashe a kan hanya duk iskar motar za ta bi shi ta tafi. Bayan wannan sai a bi sauran tankunan ɗaya bayan ɗaya, kuma a ƙirga su, domin akan sami wani ƙaramin tanki a ɓoye a bayan akwatin batir ko cikin shasi wanda ba a taɓa taɓa shi ba.

Ruwan da ya fito launinsa ba ɗaya ba ne. Yana nuna wani abu?

Yana nunawa ƙwarai, kuma a ganina wannan ya fi tsiyayewar kanta amfani, domin ita ce hanya mafi arha da mota take gaya wa mai ita halin da cikinta yake ciki. Shi ya sa nake sa yara su tara tsohon gwangwani ko farin kwali a ƙasa maimakon su bar shi ya zuba a turɓaya.

Ruwa garai-garai ɗan kaɗan ba abin damuwa ba ne. Ruwa ja mai kama da na kududdufi yana nufin tanki yana cin kansa daga ciki, idan kuma har ɓawon tsatsa yana biyo shi, to a cire tankin a duba shi. Abu mai kauri, fari-fari ko ruwan ƙasa-ƙasa kamar koko, ruwa ne da baƙin mai suka gauraya. Ɗan alamar mai ba baƙon abu ba ne ga tsohuwar kwamfiresa, amma idan baƙin mai ne sosai yake fita kullum, to zoben fistin ɗinta sun cinye, ko hanyar da mai yake komawa inji ta toshe, ko kuma matatar iskar da take zuƙa ta cushe da ƙurar hunturu har ta koma tana janyo mai daga ƙasa. A fara duba matata kafin a kwance kwamfiresa, domin na sha ganin an sayi sabuwa a kasuwar kayan gyara ta Dilimi alhali ƙura ce kawai ta shaƙe tsohuwar.

Wata damina, cikin watan Agusta, wani direba ya kawo mana Marsandi 911 yana kukan cewa kwamfiresa tana cika tanki nan da nan, amma iska ba ta daɗewa. Da muka taɓa zoben tankin farko ko motsi bai yi ba, sai da muka sauke iskar gaba ɗaya muka kwance bawul ɗin da sifana. Abin da ya zubo ya wuce rabin robar fenti, yana warin ƙonannen mai, a ƙarshensa kuma wani kauri ya biyo baya kamar dusar da aka jiƙa. Na ce masa, "Malam, yaushe rabon da a buɗe nan?" Ya tsuguna ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wallahi Oga, tun da maigida ya ba ni motar nan ban san akwai abin buɗewa a wurin ba." Washegari da lodin dankali zai sauka Abuja.

Na ja zoben, ko iska ba ta fito ba. Tankin a bushe yake ke nan?

A'a, bawul ɗin ne ya toshe da datti, kuma wannan ya fi nuna tankin a cike yake da ƙazanta. Kada a zura waya ko ƙusa a ciki muddin akwai iska a tanki. A kashe inji, a yi ta taka birki har allura ta kwanta a kan sifili, sannan a sassauta bawul ɗin zare ɗaya ko biyu a saurara, tunda wani tankin ba shi da allura a gaban direba kuma yana iya riƙe da iskarsa. Idan an tabbatar babu komai sai a cire, a wanke da kananzir ko a sa sabo.

Motata tana da na'urar busar da iska. Ni ma sai na tsiyaye?

Sai ka riƙa dubawa, ko da sau ɗaya ne a mako. Na'urar, wadda kanikawa suke kira diraya, gwangwani ce mai cike da wasu ƙwayoyi masu shan danshi, tana zaune tsakanin kwamfiresa da tankin farko, kuma ita ce take yin atishawar nan mai ƙarfi duk lokacin da tanki ya cika, tana fesar da abin da ta tara. Ƙwayoyin suna gajiya, idan kuma mai ya lulluɓe su sun daina aiki ke nan. Akan canza gwangwanin tsakanin shekara ɗaya zuwa uku gwargwadon aikin mota, amma ranar da ka buɗe tanki ka ga ruwa, to alama ce lokacinsa ya yi.

Wasu motocin Turai suna zuwa da wata 'yar kwalba a kan bututun iska wadda a can ake zuba mata sinadarin hana daskarewa. A nan ba ta da aiki, a bar ta haka, kada a zuba mata fetur ko man birki.

Wasu suna barin bawul a buɗe ya kwana. Daidai ne?

Ban goyi baya ba. Wata rana za a manta, a tayar da mota da asuba a rasa dalilin da iska ta ƙi taruwa, ga kuma zanzaro da ba ya ganin rami ya ƙyale, cikin 'yan kwanaki zai cika shi da laka. A jira ɗigon ya tsaya, a rufe.

Tankina yana yoyo ta wani ɗan rami. Zan iya kai shi wurin mai walda?

Kada ka kai. Tsatsa daga ciki take cin tanki, saboda haka ramin da ka gani a waje shi ne kawai inda ta fara ɓullowa, kewayensa kuwa ƙarfen ya riga ya zama kamar takarda, zafin walda kuma ƙara raunana shi yake yi. Ga lissafin da zai sa mutum ya ji tsoron abin: tanki mai faɗin santimita 27 da ɗoriya, idan iskar cikinsa ta kai bar 8, abin da yake tura murfinsa na kowane gefe ya kusa nauyin tan biyar. Iska ba kamar ruwa ba ce, idan ta sami hanya faɗaɗa take yi lokaci guda, ta tafi da ƙarfen. A sayi wani tankin, na gwanjo ma ya yi idan an haska cikinsa da tocila an ga lafiyarsa, kuma a duba ƙarƙashin ɗamarar ƙarfen da ke riƙe shi, domin nan laka take maƙalewa ta ci shi daga waje. Tukunyar gas ɗin girki ko ta kashe gobara ba tankin birki ba ce, ko da an ga wani ya ɗaura ta yana yawo.

Wane gwaji zan yi da safe kafin in tashi?

Alƙaluman da zan kawo su ne waɗanda ake koya wa direbobin manyan motoci a Amurka, da ma'aunin psi. Wanda agogonsa da bar yake, ya sani bar ɗaya daidai yake da psi 14.5. Idan littafin motarka yana hannu, abin da ya faɗa shi ne gaba, domin wasu tsofaffin motoci ba sa kai iskarsu inda sababbi suke kaiwa.

A sa waigi, a tayar da inji, a lura da inda allura take tsayawa idan tanki ya cika, wanda a motocin zamani yakan kasance wajen psi 125, a wasu tsofaffi kuma ƙasa da haka. A mota mai layin iska biyu, tashi daga 85 zuwa 100 bai kamata ya wuce daƙiƙa 45 ba idan inji yana gudun aiki, a tsohon tsari mai layi ɗaya kuwa daga 50 zuwa 90 cikin minti uku. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi da kusan kashi 13 cikin ɗari, saboda haka kwamfiresa takan ɗan fi jinkiri a nan. Wannan uzuri ne na 'yan daƙiƙoƙi, ba na motar da sai an yi minti goma ana ba ta wuta ba.

Bayan tanki ya cika a kashe inji, a saki hambirki, a kalli allura minti ɗaya: kada ta sauka fiye da psi 2. Sannan a taka birki da ƙarfi a riƙe, a bar saukar farko ta wuce, a sake ƙirga minti ɗaya: kada ta wuce psi 3, ko 4 idan ana jan tirela. Daga nan a yi ta takawa ana saki har ƙararrawa ko jar fitilar gargaɗi ta kama, wadda ya kamata ta kama wajen psi 60, wato kusan bar 4. Idan wani ya cire wayar ƙararrawar saboda ta dame shi, kamar yadda ake yawan yi, a mayar da ita ranar. Inda ake zargin yoyo, ruwan sabulu a kan mahaɗar bututu zai nuna shi da kumfa.

Me ya sa motata take da tankin iska kuma take shan man birki?

Saboda birkinta na haɗin gwiwa ne: mai ne yake matse ƙafafu, iska kuma tana ƙara wa ƙafar direba ƙarfi. Haka Marsandi 911 take, haka Bedford MJ ta sojan Ingila, haka kuma M35 ta Amurka, sabanin M939 wadda birkinta iska ce zalla. Mai irin wannan mota aikinsa biyu ne, ya tsiyaye tanki, ya kuma duba man birki kowace safiya. Yawancin M35 layin mai ɗaya tak gare su, ma'ana tiyo ɗaya ya fashe birkin ƙafafu duka ya tafi, shi ya sa nake cewa duk wanda ya sayi irinta ya canza tiyoyin roba gaba ɗaya ko da a ido lafiyarsu ƙalau.

Sannan a san irin man da ke ciki kafin a ƙara. Sojan Amurka sun daɗe suna amfani da DOT 5 mai sinadarin silikon, wanda sabonsa launin shunayya gare shi, kuma ba ya gauraya da DOT 3 ko DOT 4 da ake sayarwa a kasuwa. Su waɗannan biyun suna shan danshi daga iska, ruwan kuma yana sa su tafasa da wuri idan birki ya ɗau zafi, don haka a zubar a sa sabo duk bayan shekara biyu.

Mece ce tukunyar da ke bayan ƙafa wadda ake hana mu buɗewa?

A motocin iska zalla, tukunyar birkin baya ɗaki biyu gare ta. A na baya akwai wani ƙaton sifirin da iska take danne shi muddin mota tana tafiya, idan aka ja hambirki ko iska ta faɗi zuwa tsakanin psi 20 da 45 sai ya saki ya kama birki da kansa. Ƙarfinsa ya kusa tan guda, kuma ya kashe mutanen da suka kwance ɗamarar tukunyar ba su san yana ciki ba. Ba a gyara wannan ɗakin, canza shi ake yi dungurungum. Akwai dogon noti da ake ɗaure sifirin ɗin da shi idan za a ja mota zuwa gareji, amma wasu direbobin idan iska ta ƙi taruwa sai su ɗaure shi su ci gaba da tafiya da lodi, sun cire wa motar birkinta na ƙarshe da hannunsu ke nan.

Ɗan'uwan wannan shi ne toshe bututun ƙafar da take yoyo da ƙusa, ko a daddale shi da guduma. Motar za ta riƙa fizga gefe idan an taka, sauran ƙafafun kuma su ɗauki zafin da ba nasu ba.

Yaya zan sauka Hawan Kibo, gangaren nan na kan hanyar Jos zuwa Abuja, da lodi?

Shirin saukar tun kafin a bar Riyom ake yinsa. A tsaya, a duba agogo, a zagaya a saurari yoyo, a taɓa kusa da kowace ƙafa a ji ko wata ta fi 'yan'uwanta zafi. A shiga ƙaramar giya kafin kan gangaren, wadda za a iya hawa tudun da ita ko ƙasa da ita, domin tsohon giyabos idan mota ta riga ta ɗau gudu ba ya karɓar canji, sai a bar direba da giya a sake. Mai birkin salansa, wanda ke sa inji ya riƙe mota, ya yi amfani da shi. Idan gudu ya kai iyakar da aka ɗiba, a taka birki sosai har ya ragu da kamar kilomita 8 a awa, a saki, a bar dirom ya sha iska, sannan a maimaita. Ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa yana gasa layinin, wato fatar birkin da ke goga dirom, dirom ya buɗe saboda zafi, birki ya shanye alhali agogo yana nuna iska a cike. Taka-saki da sauri-sauri kuma zubar da iska yake yi fiye da yadda kwamfiresa take mayarwa.

Sakin giya don a rage shan gas shi ne mafi muni, tunda inji ya daina riƙe mota, kwamfiresa kuma da gudun inji take aiki. Idan an isa ƙasa ƙafafu suna hayaƙi, a tsaya nesa da ciyawa, a sa waigi, a bar su su huce da kansu. Watsa wa dirom ruwa yana tsaga shi.

Ban da birki, me ya fi ji wa masu gyaran irin waɗannan motoci rauni?

Na farko rim mai zobe, wanda yawancin tayoyin soja masu lamba 20 suke kai. Kafin a kwance ko da noti ɗaya a sace iskar tayar gaba ɗaya, idan tagwaye ne a sace duka biyun. Wajen hurawa a sa tayar cikin keji, idan babu a naɗe ta da sarƙa mai ƙarfi a wuri biyu ko uku, zoben ya kalli ƙasa ko bango, mai faci kuma ya tsaya a gefe da dogon tiyo. Zoben da ya lanƙwashe ko tsatsa ta ci a jefar da shi. A kuma karanta shekarun taya: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT mako ne da shekara, misali 2312 na nufin mako na 23 a 2012, idan kuwa uku ne kacal to an yi ta kafin shekarar 2000. Tayar soja takan tsufa da zanenta a cike, domin a ajiye ta ƙare rayuwarta.

Na biyu shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai, ko a kan bulo. A sa ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri a ƙarƙashin aksil, wanda kuma kan motarsa yake kifawa gaba ya tabbatar ya kifa har ƙarshe ko ya tokare shi. Na uku ƙurar cikin dirom: tsofaffin layinin birki da yawa da asbestos aka yi su, wanda yake jawo cutar huhu da ciwon daji bayan shekaru masu yawa, saboda haka kada a hure ta da iskar kwamfiresa, a jiƙa a goge da tsumma.

Zan iya jan wutar rediyo ko cajar waya daga batir ɗaya?

Wutar waɗannan motoci volt 24 ce, batir biyu masu volt 12 a jere. Jan wuta daga guda ɗaya yana sa shi kullum a yunwace, ɗan'uwansa kuma caji ya yi masa yawa, sai su mutu tare kafin lokacinsu. A sayi 'yar na'urar da ke sauke 24 zuwa 12. Wajen cire batir a fara da wayar da ta tafi jikin mota, wajen mayarwa a ƙare da ita.

Na sayi motar da ta yi shekaru a ajiye, amma bugu ɗaya ta tashi. Ba shi ke nan ba?

Tashin inji shi ne abin da ya fi yaudarar masu sayen motar soja. Ƙarfen yana da ƙwari, amma roba ba ta san soja ba, tana bushewa ko ana aiki da ita ko ba a yi. Abin da ya riƙe motocin nan a hannun masu su na farko shi ne akwai wanda aka ɗora wa duba su kafin fita da bayan dawowa, da takardar da yake cikewa, kuma wannan ba ya biyo mota zuwa gwanjo. Kafin ta ɗauki ko buhu ɗaya a sauke tankunan iska a haska cikinsu, a canza tiyoyin birki da robobin tukwane, a buɗe kowace ƙafa a ga layinin, wanda bai kamata kaurinsa ya gaza milimita 6 da ɗan ɗori ba, a zubar da tsohon gas a canza matatunsa, a kuma duba man aksil da na giyabos. Idan man ya yi fari kamar madara ruwa ya shiga, kuma haka za a riƙa dubawa duk lokacin da motar ta tsallaka rafi da damina. Makullin difirensha na laka da yashi ne, a cire shi kafin a hau kwalta.

Dole ne in canza mata fenti?

Dole ne. Tun 1977 akwai dokar tarayya da ta hana farar hula tuƙa motar da aka yi wa fenti da koren launin soja, kuma a garin da yake da hedikwatar Runduna ta 3 a Rukuba da shingayen bincike a kowace mashiga, ba a buƙatar a tuna wa mutum sau biyu. A goge duk wata lamba ko tambarin runduna, a ajiye takardar gwanjo ko ta kwastan tare da takardun rajista a cikin mota. Wanda ya sayi ta Ingila mai sitiyari a dama ya tuna cewa tun 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka sai an mayar da sitiyarin hagu. Idan an riga an mayar kafin ya saya, ya sa a bi masa bututun birkin da aka ƙara wa tsawo ɗaya bayan ɗaya, domin a irin wannan aikin ne na fi samun bututun da aka haɗa da tiyon ruwa da waya.